Amsoshin Tambayoyinku: Iska a Cikin Tiyon Birki

Wani mai sauraronmu daga Zariya, wanda ya sake wa babur ɗinsa kai mai tsawo, yana tambaya me ya sa birkin gaba ya yi laushi. To, malam, illar ita ce iska ta maƙale a cikin tiyo, domin ɗabi'ar iska ce ta matsu idan aka danne ta, alhali kuwa man birki ba ya matsuwa, sai ƙarfin hannunka ya ƙare a kan kumfa bai isa taya ba.

Kafin komai, wajibi ne ka duba hanyar da tiyon ya bi: ka juya kan babur dama da hagu har iyaka, ka ɗaga tayar gaba, ka tabbata bai ɗaure ba, bai lanƙwashe ba, kuma bai yi tudun da kumfa za ta fake ba.

Bayan haka sai ka cika mazubin man birki, ka matsa hannun birki ka riƙe, ka kwance ɗan notin fitar da iska, ka ɗaure shi tun ba ka saki hannu ba, kana maimaitawa cikin haƙuri, ba tare da barin mazubin ya ƙafe ba, har man ya fito babu kumfa. Nasiharmu ita ce kada ka haɗa man birki nau'in DOT 5 da na DOT 4, domin asalinsu ya saɓa, kuma ka goge duk wanda ya ɗiga, saboda DOT 4 yana cin fenti.