Tsohon Keken Tsere: Abubuwa 5 Da Za Ka Duba Kafin Ka Sayi Sarƙa, Firiwil Ko Giya

Yawancin kekunan tsere na gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu tsofaffi ne, wasu tun na shekarun 1980 da 1990. Keken zai iya kasancewa garau, amma ranar da sarƙa ta cinye ko giya ta fara tsalle, sai mutum ya sayo sabon kaya mai tsada, ya zo ɗaurawa ya ƙi shiga. Ga abubuwan da za ka duba kafin kuɗi su bar aljihunka.

1. Firiwil ne ko kaset?

Haƙoran tayar baya iri biyu ne. Firiwil curi guda ne da ake murɗa shi a kan tiredin hob, kuma shi aka fi samu a kekuna masu giya 5 zuwa 7. Kaset kuma zura shi ake yi a kan hob, a ɗaure da zobe. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya.

Yadda za ka gane: cire tayar, ka juya haƙoran baya, ka kalli tsagogin tsakiya inda ake saka abin kwancewa. Idan suna juyawa tare da haƙoran, kaset ne. Idan sun tsaya cak, firiwil ne.

2. Faɗin bayan firam

Auna tsakanin ƙafafun firam biyu inda tayar baya ke zama. Milimita 120 na giya 5 ne, 126 na giya 6 ko 7, 130 kuma na giya 8 zuwa 11. Firam na ƙarfe yana jure a buɗa shi daga 126 zuwa 130, idan gwanin mai gyara ne ya yi. Na alminiyam ko kabon kuwa kada a buɗa shi, yana iya tsagewa.

3. Faɗin sarƙa

Duk sarƙar keke tazarar fil zuwa fil ɗaya ce, rabin inci, wato milimita 12.7. Bambancin yana wajen faɗi. Ta giya 6, 7 da 8 iri ɗaya ce, kimanin milimita 7.1 zuwa 7.3. Ta giya 9 kusan 6.6 ce, kuma tana ƙara sirancewa yayin da giya ke ƙaruwa. Sarƙa mai faɗi a kan kaset mai giya 10 za ta riƙa gogar haƙoran da ke gefenta. Siririya kuma a tsohon farantin gaba tana iya faɗawa tsakanin faranti biyu ta maƙale. Sarƙar keken hawa mai giya ɗaya ta fi su duka faɗi, ba ta aiki a nan.

Don sanin ko ta cinye, ɗora rula a kan fil ɗaya ka auna inci 12. Sabuwar sarƙa, wani fil zai faɗo daidai kan layin. Idan ya wuce da milimita 1.5, canja sarƙar. Idan ya kai 3, mai yiwuwa haƙoran ma sun cinye, kuma sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu duk lokacin da ka taka da ƙarfi.

4. Hannun giya da direla

Direla ita ce na'urar da ke tura sarƙa daga haƙori zuwa haƙori. Idan hannun giyarka irin na da ne, wanda ake ja a hankali ba ya yin "ƙas", ka huta, domin yana aiki da kusan kowace direla. Mai yin "ƙas-ƙas" kuwa, wanda Shimano ya fito da shi a 1984 da sunan SIS, kowane taku yana jan waya da wani ma'auni, don haka dole adadin takunsa ya dace da adadin haƙoran baya.

Direlar baya ta Shimano ta kekunan tsere daga giya 6 zuwa 10 tana musanyuwa, ban da Dura-Ace na kafin 1997 da Tiagra 4700. Campagnolo na Italiya ma'auninsa daban ne, kada a haɗa hannunsa da direlar Shimano.

Ka kuma yi wannan lissafi: idan gaba haƙora 52 da 42 ne, bambanci 10; baya 14 zuwa 28, bambanci 14; jimla 24. Direlar da za ka saya dole ta iya ɗaukar wannan jimla, kuma ta iya hawa haƙori 28.

5. Gindin feda da farantin gaba

Gidan da sandar feda ke juyawa a ciki ba iri ɗaya ba ne. Na Ingila, wanda ya fi yawa, faɗinsa milimita 68 ne, kuma tiredin ɓangaren sarƙa na hagu ne, wato ana kwance shi ta hanyar da aka saba ɗaure noti. Na Italiya 70 ne, duka ɓangarorin tiredin dama. Tsofaffin kekunan Faransa irin su Peugeot da yawa suna da nasu tiredin, kuma tilasta na Ingila a ciki yana lalata firam ɗin.

Farantin gaba ma da'irar notinansa ta bambanta: 130 a yawancin tsofaffin Shimano, 135 ko 144 a Campagnolo, 110 a ƙananan faranti.

Shawara ta ƙarshe

Kafin ka tafi kasuwa, ƙirga haƙoran baya, ka auna firam, ka ɗauki hoton lambar da ke bayan direla da ta cikin ƙafar feda da wayarka. Idan zai yiwu, ka tafi da tsohon kayan a hannu. Kuma idan ba dole ba, ka bar keken a adadin giyarsa na asali, domin ƙarin giya ɗaya kan jawo sayen taya, sarƙa da hannun giya gaba ɗaya.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.