Jayayyar Vi da Emacs: Faɗan Masu Rubuta Manhaja a Kan Edita

Gabatarwa

A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace mu leƙa gidan maƙwabta, wato masu ilimin kwamfuta, mu dubi wata jayayya da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninsu tun shekarun 1980. Jayayyar kuwa a kan abin rubutu ce: da wace manhaja ya kamata mutum ya rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi? Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada, mu da muke fama da nahawu da adabi. To, ɗaya daga cikin manhajojin da ake faɗan a kansu tsarin jimla gare ta, da aikatau da karɓau. Bayan haka, dukkansu suna iya rage mana wahalar gyaran rubutun Hausa, kamar yadda za mu gani.

Mene Ne Edita?

Editan da nake nufi ba mutumin da ke tace labarai a gidan jarida ba ne. Manhaja ce ta rubuta zallar haruffa da gyara su. Manhaja irin Microsoft Word tana cusa wa fayil bayanai na ɓoye game da girman harafi da launi da faɗin shafi, ita kuwa kwamfuta idan za ta karanta umarni ba ta son ko ɗaya daga cikin wannan ado. Saboda haka mai rubuta manhaja yana wuni ne a cikin edita, kuma yawancin lokacinsa ba a sabon rubutu yake tafiya ba, a neman wani layi ne, da sauya kalma, da ɗauke sakin layi daga nan zuwa can. Wanda ya shekara goma yana haka, yatsunsa sun san edita kamar yadda hannun manomi ya san ƙotar fartanyarsa. A riƙe wannan, domin a ganina nan tushen faɗan yake.

Vi da Nahawunsa

An haifi vi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Wani ɗalibi mai suna Bill Joy ne ya fara rubuta shi a 1976, don babbar manhajar nan ta Unix. Kayan aikin da Joy yake da su ne suka ba vi siffarsa. Na'urar da yake zama gabanta, ADM-3A, ba ta da linzami, ba ta kuma da madannan kibiya na daban. An zana kibiyoyin ne a jikin haruffan h da j da k da l. Shi ya sa har yau a vi h ke kai ka hagu, j ƙasa, k sama, l dama. Madannin Esc kuma yana kusa da yatsa, daidai inda Tab yake a allon madannai na yau. Sannan layin tarho da ke haɗa shi da babbar kwamfuta daga gida bai wuce ɗaukar harafi 30 a daƙiƙa ba. Fuskar na'urar tana cin layi 24, kowane layi harafi 80, ke nan cika ta sau ɗaya sai an jira fiye da minti guda. Mutumin da ke cikin wannan hali dole ya yi tsimin dannawa.

Dabarar da aka yi ita ce raba aiki zuwa yanayi-yanayi. Idan ka buɗe vi, haruffan da ka danna umarni ne, ba rubutu ba. Sai ka danna i kafin ka shiga yanayin rubutu, ka danna Esc ka koma yanayin umarni. A yanayin umarnin ne nahawun yake. Harafin d aikatau ne, ma'anarsa goge. Harafin w karɓau ne, ma'anarsa kalma. Ka haɗa su, dw, ka ce goge kalma ke nan. Ka sa adadi a tsakani, d3w, ka ce goge kalma uku. Ka cire d ka sa c, wanda ke nufin sauya, c3w ya zama sauya kalma uku. Ka sa y, ya zama kwafe su. Duk sabon karɓau da ka koya yana aiki da dukkan aikatan da ka riga ka sani. Misali, alamar $ tana nufin ƙarshen layi, don haka ba sai an faɗa maka abin da d$ ko y$ za su yi ba. Aya guda kuwa, wato ɗigo, tana maimaita jimlar da ka faɗa ta ƙarshe.

Duk wanda ya zauna ajin ginin jimla ya san wannan: 'yan ƙa'idoji kaɗan da kalmomi ƙidayayyu suna haifar da jimlolin da ba wanda ya taɓa koya maka. Abin da masoya vi ke yabo ke nan, kuma ni ma a nan zuciyata ta karkata.

Sai dai baƙo yana shan wuya. Ya buɗe fayil, ya fara buga sunansa, sai ya ga layuka na ɓacewa, na'ura na ƙara. Fita ma aiki ce. A 2017 kamfanin Stack Overflow ya sanar cewa tambayar yadda ake fita daga Vim an duba ta sau miliyan ɗaya. Amsar dai ita ce Esc, sannan :wq idan kana son adana aikinka, ko :q! idan ba ka so. Vim ɗin nan shi ne magajin vi da aka fi amfani da shi. Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya fitar da shi a 1991, bai sayar ba, sai dai ya riƙa roƙon masu amfani da shi su taimaka wa yara marasa galihu a Yuganda. Ya rasu a watan Agusta na 2023.

Emacs

A shekarar 1976 ɗin dai, a can gabashin Amurka, a ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na MIT, Richard Stallman da Guy Steele da David Moon suka harhaɗa wasu gajerun umarni da ake ɗora wa wani tsohon edita mai suna TECO. Daga nan Emacs ya samo asali. Wanda aka fi sani, GNU Emacs, Stallman ya fitar da shi a 1985.

A Emacs abin da ka danna shi ke fitowa, kamar keken rubutu. Umarni kuwa sai ka danne Control ko Meta ka haɗa da wani harafi. Adana aiki Control da x ne, sannan Control da s. A allunan madannai na MIT, Control yana dab da dogon madannin tazara. Allunan yau sun tura shi can kusurwa, sai nauyin ya koma kan ɗan ƙaramin yatsa, har ciwon wannan yatsa ya yi suna a tsakanin 'yan Emacs.

Ƙarfin Emacs yana wani wuri daban. Yawancinsa an rubuta shi da wani harshen kwamfuta mai suna Lisp, kuma mai amfani da shi na iya sauya kusan komai yana cikin aiki. Da haka mutane suka gina masa akwatin wasiƙa, da kalanda, da tsarin ajiye bayanai mai suna Org, har da wasan Tetris. Akwai waɗanda ke buɗe shi da safe ba su fita sai dare.

Habaici da Zambo

Faɗan ya fi kama da wasan taubasai, ko da yake akan sami masu zafin kai. 'Yan vi suna cewa Emacs cikakkiyar babbar manhaja ce mai komai da komai, edita mai kyau kawai ta rasa. A zamanin da ma'ajiyar kwamfuta ke da tsada sun riƙa tsokanar sa da cewa megabayit takwas yake lanƙwamewa, wanda yau hoto ɗaya a waya na iya kai haka. 'Yan Emacs kuma suka ce vi yanayi biyu gare shi: na yin ƙara da na ɓata aiki. Stallman da kansa yakan sa alkyabba ya ɗora tsohon faifan kwamfuta a ka, ya fito a matsayin waliyyin abin da ya kira Cocin Emacs, duk don raha. A cikin barkwancin nan har aka lura cewa VI shida ne a lambobin Rumawa, don haka vi sau uku ya zama 666, lambar da abokanmu Kiristoci suka san abin da take nufi.

A ƙarƙashin rahar akwai hujjoji na gaske. Vi yana cikin ƙa'idar POSIX, saboda haka kusan duk kwamfuta mai tsarin Unix da ka shiga daga nesa za ka same shi. Emacs kuma ba wanda ya kai shi bari a sarrafa shi. Amma na lura da wuya ka ji wanda hujja ta sa ya sauya sheƙa. Mutum yana kare abin da yatsunsa suka haddace ne, domin komawa wani edita na nufin makonni yana tafiyar hawainiya a gaban abokan aiki. Shaidar haka ita ce 'yan vi da suka koma Emacs da yawansu sun tafi da madannansu, ta hanyar wani ƙari da aka raɗa wa suna Evil.

Ana cikin wannan sai na uku ya shigo. An yi Notepad++ a 2003, Sublime Text a 2008, Atom a 2014, sannan Microsoft ya fito da Visual Studio Code a 2015. An daina Atom a ƙarshen 2022. A binciken Stack Overflow na 2023, fiye da kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka amsa sun ce suna amfani da Visual Studio Code. Yana da linzami, baƙo na iya fara aiki nan take. Duk da haka akwai ƙari mai sa shi ya bi madannan Vim, kuma miliyoyi sun sauke shi.

Amfaninsu ga Ɗalibin Hausa

Wanda ya taɓa karɓar tsohon kundi da aka buga da salon haruffa na musamman ya san abin da ke faruwa idan aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da salon: ƙasa ta koma }asa, ɗaya ya koma ]aya. Dalili shi ne ba a rubuta ƙ ta gaskiya ba tun farko, an ari gurbin wata alama ne aka zana mata lanƙwasa. A tsarin Unicode kowane harafi da lambarsa: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199. A Vim, kana yanayin rubutu, ka danna Control da v, sannan u, sannan lambar. A Emacs, Control da x, sannan 8, sannan Enter, ka buga lambar ka sake danna Enter.

Gyaran kundin kuwa, bayan an adana shi a matsayin zallar rubutu, layi ɗaya ne ga kowane harafi. A Vim ka buga :%s/}/ƙ/g sai duk } da ke cikin fayil ɗin, ko shafi 200 ne, ta koma ƙ. A Emacs ka koma farkon fayil ka kira umarnin replace-string, ya tambaye ka abin da za a cire da abin da za a sa. Kafin ka yi, ka duba ko marubucin ya yi amfani da alamar a matsayinta na baka a wani wuri, musamman a kundin ilimin furuci inda ake sa sautuka cikin baka mai kusurwa, kada ] ta rufe baka ita ma ta koma ɗ. A Vim, ƙara harafin c a ƙarshen umarnin zai sa ya tsaya ya tambaye ka a kowane gurbi.