Darasi: Akwati Biyu a JFK

Idan muka je filin jirgin JFK tarbar baƙo daga Accra, mu saurari yaranmu suna ƙirga kaya. Yaro zai rera ɗaya har goma, amma a ce ya miƙo leda uku, sai ya kwaso duka. Ɗaya yake fara ganewa, sai bayan watanni ya kama biyu.

Mu muna cewa akwati biyu, ba dole jam'i. Larabci kuwa yana da musanna: kitabun, kitabani. Wani bincike na 2013 ya nuna koyon musanna yana tasiri a kan yadda yaran Saudiyya suke gane biyu. Malamanmu na Bronx, ranar darasin musanna ku ɗaga littafi biyu a hannu yara su gani.