Nasiha Ga Ɗana Mai Shagon Magani

Ɗana, Allah ya sa wa sabon shagonka albarka. Tun kafin masu saye su saba da kai, ina so ka san aikin amoksisilin da ampisilin ɗin da ka jera a kanta, domin amana ce ka ɗauka.

Ƙwayar bakteriya tana da bango kewaye da ita, kuma muddin tana girma tana rabuwa biyu, ginin bangon nan ba ya tsayawa. A jikinta akwai sinadarai masu aikin magina, su ke ɗaure sassan bangon da juna. Fenisilin da danginsa, irin su amoksisilin da ampisilin, maginan nan suke kamawa. Gini ya tsaya, bango ya yi rauni, ruwa ya yi ta kwarara ciki har ƙwayar ta fashe. Ƙwayoyin halittar ɗan Adam ba su da irin wannan bango, shi ya sa maganin ke kashe cuta ya bar mai ita.

To, ita ma cutar ba a zaune take ba. Wata tana fitar da sinadarin da ke tsinka maganin tun bai kai ga magina ba. Tun 1940 masana a Ingila suka gano wannan, kafin ma fenisilin ya wadata a asibitoci. Dalilin da ya sa ake haɗa amoksisilin da kilabulanik asid a Augmentin ke nan: na biyun yana tare sinadarin, na farkon ya samu hanya. Wata kuma sai ta ɗauko sabon magini wanda maganin ba ya iya riƙewa. Haka ƙwayar cutar da ake kira MRSA ta yi, wadda aka fara ganinta a Ingila a 1961, jim kaɗan da fitowar maganin metisilin. Akwai masu rage ƙofofin da magani ke bi ya shiga, akwai masu turo shi waje. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne suna miƙa wa juna waɗannan dabaru, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Za ka ji mai saye ya ce jikinsa ya saba da maganin. Jikinsa bai saba da komai ba. Kafso biyun da ya haɗiya bara ne suka kashe raunanan ƙwayoyi, masu taurin suka samu fili suka hayayyafa, ga shi yau har ya raba wa iyalinsa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi kan shan abin da bai kai ƙima ba lokacin da ya karɓi kyautar Nobel a 1945. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan da suka gagari magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma gwargwadon yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi shafa.

Mura kuwa bairos ke kawo ta, shi ko bangon ma ba shi da shi, balle maginin da za a kama. Na san zafin ganin ciniki ya juya zuwa shagon maƙwabci, kuma na san wani mai sayen talauci ne ya sa shi neman na ɗari biyu. Duk da haka, ɗana, in an zo neman kafso saboda mura, ka yi bayani da sakin fuska, ka ba da abin sauƙaƙa zazzaɓi. Wanda jikinsa ya yi tsanani ka tura shi asibiti, wanda ya zo da takardar likita kuma ka ba shi cikakken adadin da aka rubuta.