Kada a bar bakin waya a sake cikin akwati

A unguwar Madabo, gidajen ƙasa da zaurukan karatu da yawa sun girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba, don haka daga baya aka ja musu waya, a jikin bango ko ƙarƙashin azara. Matsalar takan taso ne a mahaɗa: an murɗe waya biyu da hannu, an naɗa salatif, shi ke nan. Zafin bazara ya saki salatif ɗin, damina ta kawo danshi, sai tartsatsi.

Kafin ka taɓa komai, kashe babban makunni ko da an ɗauke wuta, don ba ta sallama in za ta dawo. Maimakon murɗin hannu, yi amfani da mahaɗa mai sukuru a cikin akwati: fere robar wayar daidai zurfin raminta, kada jan ƙarfe ya leƙo waje. Murɗe zaren, zura, ɗaure sukurun, sannan ka ɗan ja ka ji ko ta kama. Waya mai lamba 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket.

A bakin akwati a matse rigar wayar, kada nauyinta ya rataya a kan sukuru. Sauran wayar a bi da ita ta bututun roba saboda ɓera. In murfin akwatin ya fashe a sayo wani a Sabon Gari. Soket mai warin ƙuna kuwa, kira mai wayarin.