Kafin ku kai iyali yawon jirgin ruwa a Bahar Rum

Manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke zagaya yammacin Bahar Rum suna da hanyar da suka saba bi. Jirgi ya tashi daga Barcelona da yamma, gari ya waye masa a Marseille ta Faransa, washegari Genoa, daga nan Civitavecchia, tashar da ake sauka don shiga birnin Rum, sai Napoli ko Palermo, wani lokaci Malta ko tsibirin Mallorca, a dawo Barcelona bayan kwana 7. Ga mai iyali daɗin abin a fili yake. Sau ɗaya za a kwance akwati, abinci yana cikin kuɗin tikiti, kuma kowace safiya yara za su buɗe ido a sabon gari. Kamfanonin MSC da Costa suna wannan zagaye kusan duk shekara, Royal Caribbean da Norwegian kuwa sun fi zuwa tsakanin Afrilu da Oktoba.

Sai dai kowane kamfani yana da doguwar takardar sharuɗɗa, kuma da zarar kun biya kafin alƙalami an ɗauka kun amince da ita. Waɗanda suka rubuta ta, iyalin da ke ransu shi ne miji da mata da yara biyu masu suna ɗaya da fasfon Turai. Namu iyalin ba lallai ya zama haka ba. Akwai ɗan riƙo, akwai ƙanwar uwargida da ke taya raino, akwai Hajiya kaka, akwai mai juna biyu, ga kuma fasfon da kusan ko'ina sai an nemi biza. Ma'aikacin da ke bakin ƙofar shiga ba shi da ikon yi wa kowa alfarma, kuma wanda aka mayar saboda takardunsa ba su cika ba, ba a mayar masa da ko sisi. Don haka aikin mai gida na farko shi ne ya zauna da wannan takarda, ya riƙa ɗora ta a kan mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya.

Biza ce ta fi komai kayar da mutanenmu. Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta wadatar musu. Amma wasu jiragen suna ratsawa ta La Goulette a Tunisiya, wasu ta Maroko ko Turkiyya. Da zarar jirgi ya tsaya a wajen yankin, komawarsa Italiya ko Sifaniya sabuwar shiga ce, mai bizar shiga sau ɗaya kuwa ta riga ta ƙone. Dole a nemi mai shiga da fita fiye da sau ɗaya, a kuma bincika ko ita ƙasar da aka ratsa tana neman tata bizar. Kada ku ce ai ranar ba za mu sauka ba, a cikin jirgi za mu wuni. Kamfanoni da dama suna buƙatar fasinja ya mallaki takardun kowace tashar da ke cikin jadawali, ya sauka ko bai sauka ba. Shawarata ga masu tafiyar farko ita ce su zaɓi zagayen da bai fita daga Shengen ba ko sau ɗaya.

Kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne ga babba tun daga Yunin 2024, yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kyauta ga wanda bai kai 6 ba, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci. Ana neman inshorar lafiya da ta kai aƙalla yuro 30,000. Ana miƙa takardu ga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun yi daidai kuma, ga ƙasar da za a fara shiga. Fasfo ya kasance da sauran wata 6 bayan ranar dawowa, domin abin da yawancin kamfanonin jiragen ke nema ke nan, ko da ofishin jakadanci ya yarda da wata 3.

Inda ake shiga tsaka mai wuya shi ne wajen lokaci. Ofishin jakadanci yana son ganin shaidar kun kama wuri a jirgi. Kamfani kuma yana son cikon kuɗinsa wata biyu ko uku kafin tafiya, kuma daga wannan rana tarar fasa tafiya take fara hawa, daga wani kaso na kuɗin har ta cinye shi duka in ranar tashi ta matso. Hana biza ba ya cikin uzurin da kamfani ke karɓa. Mafita tana cikin dokar Shengen ɗin kanta, wadda ta yarda a nemi biza tun saura wata 6. Ku kama wuri da wuri da kafin alƙalami kawai, ku tabbatar irin wanda ake iya mayarwa ne, domin farashi mafi araha sau da yawa shi ne wanda kuɗinsa ba ya dawowa. Sai ku miƙa takardun biza nan da nan, yadda amsa za ta fito kafin ranar cikon kuɗi. A ƙa'ida amsa kan fito cikin kwana 15, tana iya kaiwa 45, samun ranar ganawa ma kan ci makonni idan hutun makaranta ya gabato. In ta hannun ejan kuka bi, ku nemi ya rubuta muku ranar cikon kuɗi da matakan tarar a takarda, ku kuma karɓi lambar rajistar da kamfani ya bayar ku duba ta da kanku a shafinsa na intanet.

Sai maganar wane ne ɗan wa. A wurinmu ba abin mamaki ba ne uwa tana amsa sunan mahaifinta, yaro yana amsa sunan nasa uban ko kakansa, ƙaninsa kuma an rubuta masa sunan garinsu. A bakin jirgi wannan tambaya ce da sai an amsa ta da takarda. Ku riƙe takardar haihuwar kowane yaro ta asali, a Nijeriya wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ta riƙe takardar amincewar uba wadda lauya mai hatimin shaida ya sa wa hannu, tare da kwafin fasfonsa. Ɗan riƙo kuwa, komai daɗewarsa a gidanku, sai da rubutaccen izinin iyayensa na haihuwa, wanda ya ambaci sunan jirgi da ranakun tafiya, ya kuma ba ku ikon yanke shawara idan rashin lafiya ta taso. Sunan da ke tikiti ya zama harafi da harafi yadda yake a fasfo. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurin kwamfuta, gyara daga baya kuma yakan zo da caji.

Mai juna biyu ta ƙirga makonninta da likita kafin a biya komai. Kusan duk manyan kamfanoni ba sa ɗaukar matar da cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar, domin asibitin jirgi ba shi da kayan kula da bakwaini. Wadda ba ta kai ba ma, ta riƙe wasiƙar likita mai nuna ranar da ake sa ran haihuwa. Na san al'adarmu ta kawaici a kan ciki, ba a son faɗa tun da wuri, amma a nan ɓoyewa ba ta da amfani ga kowa. Jariri kuma, a Royal Caribbean da Norwegian sai ya cika wata 6 ranar tashi, tafiyar ƙetare babban teku kuwa sai mai shekara ɗaya. Yaron da bai daina sa kunzugu ba, ba a barinsa shiga babban wurin ninƙaya, kuma kulob ɗin yara na kyauta galibi daga shekara 3 yake karɓa.

Ɗakunan jirgi ƙanana ne. Yawancinsu mutum biyu zuwa huɗu suke ɗauka, masu ɗaukar biyar kaɗan ne kuma su ake fara kamewa. Jariri ma mutum guda ake lissafa shi, ba a cewa ai a jikin uwarsa zai kwana, saboda adadin fasinjoji yana ɗaure da adadin gurbin kwale-kwalen ceto. Babban iyali ya nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, kada ya yarda da tsarin da kamfani ke zaɓar wa mutum ɗaki daga baya don rangwame, domin ana iya jefa uba a hawa na 5, yara a na 11. Wanda ke tsoron jiri ya nemi tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa. Tsakanin Barcelona da Marseille iska kan tayar da ruwa, musamman da hunturu.

Farashin da aka gani a talla ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Akwai kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane fasinja kowane dare, wajen yuro 11 ko 12 ga babba a kamfanonin Turai, yara rabi, a kamfanonin Amurka kuma ya kusa dala 20, yara ma cikakke. Ku ninka wannan sau mutum shida sau dare bakwai tun kuna gida. Lemon kwalba da ruwan gora da intanet da yawon gari na kamfani duk daban ake biya. Idan za a sayi tsarin abin sha na mako, akwai wanda babu giya a ciki, kuma wasu kamfanonin suna tilasta wa duk 'yan ɗaki su saya in mutum ɗaya ya saya. Ba a ciniki da tsabar kuɗi a ciki. Katin buɗe ɗaki shi ne katin sayayya, ana haɗa shi da katin banki ko a ajiye kuɗi a teburin karɓar baƙi. Katin naira yakan ƙi aiki ko ya ci karo da iyakar banki, don haka ku tanadi katin dala ko yuro a hannu, ku kuma sa a rufe sayayya a katin yara kafin su gano ɗakin wasannin kwamfuta. Da jirgi ya bar gaɓa ku sa waya a yanayin jirgin sama, domin layin tauraron ɗan'adam da take kamawa a teku yana da tsada ƙwarai.

Wajen haɗa kaya, uwargida ta yi haƙuri da turaren wuta da kasko. Duk abin da ke ci da wuta ko yake zafi an hana shi: dutsen guga, butar lantarki, kyandir, risho, da doguwar wayar soket mai kariyar wuta. Gobara ce abin da ma'aikatan jirgi suka fi tsoro, kuma akwatuna ta na'ura suke bi. Kilishi da dambun nama da man shanu ma a bar su a gida, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, tun a filin jirgin sama za a karɓe. Humra da turaren fesawa ba laifi, haka ƙaramar butar roba da darduma, kuma za ku gode wa kanku da kuka ɗauko su.

Naman halal ba tabbas ba ne. Ku rubuta wa kamfani tun saura wata biyu, ku nemi amsa a rubuce, ranar farko kuma mai gida ya je ya gana da shugaban masu hidimar ɗakin cin abinci. In bai samu ba, kifi da ƙwai da taliya da shinkafa da ganye suna nan kullum, sai dai a riƙa tambaya, domin girkin Italiya da Faransa yakan sa giya a miya, naman alade kuma yakan ɓuya a cikin wake ko taliya. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, ƙarfen jirgin kuma yana rikita kamfas, amma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda aka dosa. Daga wannan yanki Makka tana gabas ne, an ɗan karkata kudu. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ku tambayi malaminku kafin ku taso. Daren da ake cewa a yi ado kuwa, babbar riga da leshi sun fi ƙarfin abin da ake nema.

Ku isa Barcelona kwana ɗaya kafin ranar tashi, ko biyu. Daga Kano ko Abuja ko Yamai sai an sauya jirgin sama a wani wuri, Alƙahira ko Istanbul ko Doha ko Casablanca, jinkirin awa uku kuma ya isa ya raba ku da jirgin ruwa. Ana rufe shiga tun kafin lokacin tashi, ba a buɗewa don kowa. Kafin a tashi akwai atisayen ceto wanda ya wajaba a kan kowa, har jarirai. An tsaurara wannan doka ne bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Giglio ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, a lokacin waɗanda suka hau a Civitavecchia ba su riga sun yi atisayen ba. Ku kai yaran da ƙafarsu su ga wurin taruwarku, kada su cire abin hannun da aka ɗaura musu.

A kowace tasha ana rubuta lokacin da kowa zai dawo, galibi rabin awa kafin tashi. Wanda ya bi yawon da kamfani ya shirya, in motarsu ta makara jirgi zai jira. Wanda ya fita da kansa ba a jiransa, kuma kuɗin bin jirgi zuwa tasha ta gaba a wuyansa yake. A Marseille da Palermo da Valletta ta Malta fita da kai ba wuya. Rum ce abin lura, domin tsakaninta da Civitavecchia tafiyar wajen awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, da yara da tsohuwa kuwa gara a biya na kamfani. Ku sani kuma kyaftin yana da ikon tsallake tasha saboda iska ko yajin aiki ba tare da diyya ba, don haka kada a gina dukan tafiyar a kan gari guda.

Asibitin jirgi na kuɗi ne, ganin likita kaɗai yana da tsada, don haka inshorar ta ambaci tafiyar jirgin ruwa da ɗauke marar lafiya daga teku. Maganin hawan jini ko na sukari na Hajiya ya zauna a jakar hannu cikin kwalinsa na asali, domin manyan akwatuna ba sa isowa ɗaki sai yamma. Daren ƙarshe kuma akan ce a fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin a kwanta. Ku ware kayan da kowa zai sa da safe da fasfo da magani, ku duba lissafin kuɗinku a daren tun layi bai yi tsawo ba, kuma kada ku sayi tikitin jirgin saman da zai tashi kafin azahar.