"Da Sauransu" a Harshen Kwamfuta na C

Gabatarwa

A wannan 'yar maƙala zan yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin yadda ake cewa "da sauransu" a harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1972.

Yadda Ake Rubutawa

A ƙa'ida, kowane aiki a C yana da adadin bayanan da yake karɓa. Idan ana so ya karɓi ko nawa ne, sai a sa ɗigo uku a ƙarshe:

int jimla(int adadi, ...)

Kayan aikin suna cikin stdarg.h tun 1989. Ana riƙe jerin da va_list, a buɗe da va_start, a riƙa ɗauko ɗaya bayan ɗaya da va_arg, sannan a rufe da va_end.

Abin Lura

Aikin bai san yawan abin da aka ba shi ba, sai an gaya masa. A jimla(3, 10, 20, 30), lambar 3 ce ke nuna masa inda zai tsaya, ya fitar da 60. Idan aka rubuta 4, zai ɗauko abin da ba a ba shi ba, sakamakon ya gurɓata ko manhajar ta tsaya.

Kammalawa

A Hausa mai sauraro ke cike "da sauransu" da hankalinsa. Kwamfuta kuwa sai an ƙidaya mata.